Gwangwanin Zunilda

A garinmu babu mai 'yar aiki. 'Ya'yan riƙo muke da su. Mace mai hali za ta je ƙauye ta riƙe jaririya a coci ranar baftisma, bayan wasu shekaru ta koma ta ɗauko ta, ta ce za ta sa ta a makaranta, yarinyar kuma ta riƙa ɗan taimakawa a gida. Kowa ya yaba mata. Ba a biyan 'yar riƙo ko sisi, saboda ai ba a biyan 'ya.

Shekarar da na dawo daga karatu a Taiwan aka ba ni darasin kemistiri a ajin ƙarshe na sakandaren garin, ɓangaren safe. Ɗakin gwaje-gwajenmu yana da famfuna da ba sa kawo ruwa, da kwalaben da rana ta cinye sunayensu, da kwarangwal na roba wanda yara suka raɗa wa suna Don Ciriaco (a wajenmu "Don" kamar "Malam" ne), suna sauya masa hula duk Litinin. A ƙarƙashin bencin yara kuwa terere ke yawo, shayinmu mai sanyi: ƙahon saniya cike da ganye, bututun ƙarfe a ciki, fulas ɗin ruwan ƙanƙara a hannun wani. An hana sha a aji. Ni ma nakan karɓa in ya biyo ta wajena, don a ƙasar nan wanda ya ƙi ƙaho sai ya faɗi ciwon da ke damunsa. Mai gona da mai yi masa noma, likita da direba, duk bututu ɗaya suke zuƙa.

Zunilda Ojeda ce kawai ba ta sha. In ƙahon ya zo hannunta sai ta miƙa gaba ba tare da ta ɗaga kai ba.

Tana zama a bencin ƙarshe, bakin ƙofa, wurin masu makara. 'Yar ƙarama ce, amma hannayenta na tsohuwa ne. Ita ce ta ɗaya a ajin tun shigarsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A makarantarmu wanda ya fi kowa maki a ajin ƙarshe shi ake rataya wa lambar zinariya, ƙungiyar gama kai ta garin kuma ta ɗauki nauyin karatunsa a jami'a a Asunción, babban birni, har da wurin kwana. Gurbi ɗaya ne a shekara. Sharaɗin shi ne mutum ya gama a ɓangaren safe, kuma kada fashinsa ya yi yawa.

A bencin gaba, daidai ƙarƙashin fankar da uwarsa ta saya wa ajin, Derlis Cáceres ke zama. Gida ɗaya suke fitowa shi da Zunilda. Shi a babur, ita a ƙafa.

A makon farko na karɓi aikin gida biyu masu rubutun hannu iri ɗaya.

"Derlis, wa ya yi maka wannan?"

"Ni mana, Malama."

"To zo allo ka sake mana na farko."

Ya taso yana rangaji, ya riƙe alli kamar an ɗora masa ɗanyen kifi a hannu. Ya rubuta kwanan wata, ya ja layi a ƙarƙashi, ya tsaya yana kallon layin.

Wani daga baya ya ce, "Malama, a yi masa haƙuri, yau ya manta Zuni a ɗaya wandon."

Aji ya fashe da dariya, har da Derlis. Ba mugun yaro ba ne. Bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba, shi ke nan.

Ya ce, "Malama, a gidanmu raba aiki muke yi. Ita tunani, ni rubutu."

"Rubutun ma nata ne."

"To ai ni na kawo shi. A babur."

Zunilda ba ta yi dariya ba. Tana ta kwafar abin da ya wuce ta a darasin farko.

Da Makon Ista ya gabato, ta ɓace. Lokacin ne kowane gida ke gasa chipa, burodinmu na rogo da cuku, gidan Cáceres kuwa har sayarwa suke yi. Ta dawo bayan hutu da tsumma a naɗe a hannun dama, tana rubutu da hagu. Ta ce bakin tanderu ne ya ɗan taɓa ta. Da na kwance tsumman na ga fatar ta tashi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

Da yamma na tafi kantin maganin gidan Cáceres. Ña Perla, wato Uwargida Perla, uwar Derlis, tana bayan kanta da mafici, gashinta ya sha gyara, zobba a kowane yatsa.

"Malama! Shigo, shigo. An ce a can ƙasar da kika je har maciji ake ci. Dubi yadda kika rame."

"Na zo ne kan Zunilda."

"Zunina! Me ta yi? Yarinyar nan, wallahi da Derlis da ita ban san wanda na fi so ba. Ni na riƙe ta a coci tana jaririya, ta yi mini fitsari a sabuwar riga."

"Ta ƙone."

"Rawar kai. Kullum ina ce mata, Zuni, ki riƙa yin abu a hankali. Man ƙuna mafi tsada a kantin nan na shafa mata, ban ko rubuta a lissafi ba."

"Tana fashin darasi."

"Malama, Makon Ista ne. Ubangijinmu ma wahala ya sha a wannan makon." Ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Kin san inda na ɗauko ta? Ƙasa ce ɗakinsu, aladu na shiga suna fita. Yau ga ta da takalmi. Abin da muke ci shi take ci."

Wannan gaskiya ne. Abin da suke ci take ci, bayan sun gama.

Ta ɗaga murya ta ce, "Zuni! Kawo wa Malama terere!"

Zunilda ta fito daga cikin gida da fulas a hammata. Ta zuba wa Ña Perla, ta zuba mini, ta zuba wa mijin, Don Amancio, wanda ke gyangyaɗi a kan jarida, har da wani tsoho da ya shigo sayen maganin tari. Ka'ida ita ce mai zubawa ya sha nasa in zagaye ya dawo kansa. Zagaye ya dawo kanta, ta tsallake kanta, ta sake miƙa wa Ña Perla. Can da ƙishi ya dame ta, sai ta koma bakin ƙofar kicin, ta sauko da wani tsohon gwangwanin madara daga kan ƙusa, ta tari ruwan famfo ta sha a tsaye.

Tsohon mai tari ya gani. Don Amancio ya gani. Shekara da shekaru rabin garin na shiga kantin nan suna gani.

Sanyi ya shigo a watan Yuni, kamar yadda yake yi a ƙasarmu, uwar Don Amancio ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Aka kwantar da ita a ɗakin baya, aka shimfiɗa wa Zunilda tabarma a gindin gadon. Ita ke juya tsohuwar, ita ke kai fo, ita ke wanke zannuwa da ruwan da ke yanka hannu. Tsohuwar ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ita, kuma ba ta taɓa riƙe sunanta ba. "Ke yarinya" take ce mata.

Makara ta koma fashi. Ranar da ta zo kuwa, sai ta kifa kai a benci ta yi barci. Yara suka saba. Suka cire wa Don Ciriaco hularsa ta kaba suka riƙa rufe mata fuska da ita don hasken taga. Ranar da ba ta zo ba, in malamin tarihi, wanda ba ya gani sosai, ya kira sunanta, sai wani ƙaton yaro mai gemu ya sirance murya ya amsa, "Ga ni, Malam." Rannan su uku suka amsa a tare. Malamin ya ce, "Madalla, Ojeda, yau kin cika aji," ya ci gaba.

Duk da haka ita ke cin kowace jarrabawa. A jikin kwalin maganin tsohuwar take rubuta lissafinta, ta cusa a aljihu.

Na je wajen shugaban makaranta, Don Eladio, mutum mai taushin murya da son zaman lafiya.

"Malama Idalina, zauna. Kin daɗe a waje, shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Kike ganin abubuwa da girma. Yarinyar tana makaranta ko ba ta makaranta? Tana makaranta. Da tana ƙauye, da yanzu tana goye da na biyu."

"Tana barci a aji."

"Ni ma ina barci a ofis." Ya nuna sama da yatsa. Fankarsa irin ta ajinmu ce sak. "Ña Perla ce shugabar kwamitin iyaye. Fenti, fankoki, kayan 'yan ganga na fareti. Kina so in aika mata da takardar gargaɗi?"

"Ina so."

"To rubuta. Zan ajiye ta a nan har ta huce."

Na je wajen Fada Crispín, limamin cocinmu. Ya saurare ni da kyau, ya ce zai sa ta a addu'a, ya kuma tuna mini cewa Ña Perla ce ke kawo furannin bagade.

Zafi ya dawo a Oktoba. Saura 'yan makonni jarrabawar ƙarshe, Zunilda ta tsaya bayan an tashi, tana goge allon da ba a ce ta goge ba.

"Malama, na zo in yi miki sallama. Daga Litinin zan koma ɓangaren dare."

"Wa ya ce?"

"Madrina." Haka take kiran Ña Perla, uwar baftismarta. "Ta ce Kaka ta fi rikici da safe. Ta ce ai takardar duk ɗaya ce."

"Lambar fa? Asunción fa?"

"Ta ce Asunción na lalata 'yan mata." Ta ɗan yi murmushi da gefen baki. "Ta ce in na tafi wa zai juya Kaka."

Aƙalla wannan karon an faɗi gaskiya.

"Ke me kike so?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta da harshen Sin.

"Ina so in karanta haɗa magunguna. Na riga na san inda komai yake a kantin. Abin da ke ciki ne ban sani ba."

Fulas ɗina na kan tebur. Na zuba, na miƙa mata ƙahon. Ta mai da hannayenta baya.

"Me ya sa ba kya sha?"

"Ina da gwangwanina a gida."

"Nan ba gida ba ne."

"Madrina ta ce mutanen ƙauye muna da abu a baki. Tun ina ƙarama." Ta ɗaga kafaɗa. "Ba ni da komai, Malama. Na duba a madubin likita. Sabo ne kawai."

Ranar Asabar ɗin nan kwamitin iyaye ke taro kan bikin yaye ɗalibai, a tsakar gidan Ña Perla, ƙarƙashin mangwaro. Ba a gayyace ni ba. Na ce wa Don Eladio ina da shawara kan adon dandamali, irin wanda na gani a waje. A garinmu in ka ce "irin na waje" kowace ƙofa buɗewa take yi.

Da hantsi aka hallara, rana tana dukan rufin kwano. An jera kujeru a da'ira. Ga Don Eladio, ga Fada Crispín yana fifita da hularsa, ga iyaye mata cikin turare. Ga kuma Ña Hermelinda, shugabar ƙungiyar gama kai, wadda tun suna 'yan mata ita da Ña Perla ke sumbatar juna a kumatu a ciki kuwa kowace na jiran faɗuwar 'yar'uwarta. Ita na zo dominta.

Zunilda na tsaye a tsakiya da fulas, da babban ƙahon gidan mai bakin azurfa.

Aka yi ta gardama kan launin labule. Na jira har Ña Perla ta shiga waƙarta, don na san za ta shiga.

"Ni bana biyu nake yayewa," in ji ta, ta dafa ƙirji. "Derlis da Zunina. Allah ya sani ban taɓa bambanta su ba."

Na miƙe.

"Gaskiya ne, Ña Perla, kowa ya shaida. Shi ya sa bai dace mai bikin ta tsaya tana yi mana hidima ba. Zunilda, kawo fulas. Ni ce ƙarama a cikin manya, ni zan zuba. Zauna kusa da Madrinarki."

"A'a, Malama, bar ta, ta saba..."

Ña Hermelinda ta riga ta janyo kujera da ƙafa. "Zauna, 'yar nan. Nan, kusa da uwarki. Kai, dubi yadda suka yi kama."

Zunilda ta zauna a bakin kujerar kamar an ɗora ta a kan garwashi.

Mai zubawa ba ya zaɓe. Dama yake bi, mutum bayan mutum, ba tsallake. Na fara da Fada. Ya zuƙe, ya dawo mini da ƙahon. Don Eladio ya sha, yana kallona ta saman tabarau, ya fara gane inda zagayen ya nufa. Ña Hermelinda ta sha. Na cika ƙahon, na miƙa wa Zunilda.

Wata uwa ta fara binciken jakarta.

Zunilda ta kalli ƙahon, ta kalli Ña Perla, ta kalle ni. Na zaci za ta miƙa gaba. Sai ta karɓa da hannu biyu, ta sa bututun azurfar a baki, ta rufe ido. Ba ta yi sauri ba. Ta zuƙa a hankali kamar mai shan zuma, har ruwan ya ƙare, bututun ya yi ƙarar nan ta ƙarshe, ƙwarrr. Ta ƙara ja, ya sake ƙwarrr, don kada wani a bayan katanga ya ce bai ji ba. Ta lashe leɓe, ta miƙo mini.

"Akwai daɗi, Malama. Ashe haka nake haɗa shi."

Fada ya yi tari a cikin hularsa.

Na cika, na miƙa wa ta gaba. Ña Perla.

Hanya uku gare ta, kuma kowa a da'irar ya san su. Ta ce ta gode, wato ta fita daga zagayen, a wannan zafin, a gidanta, da ƙahonta, daidai bayan bakin 'yarta. Ko ta goge bututun da gefen riga, abin da ko maƙiyi ba a yi masa. Ko ta sha.

Ña Hermelinda ta jingina, ta harɗe hannaye a kan tumbi. Ban taɓa ganin mace ta ji daɗin zama haka ba.

"Ƙawata, ruwan zai huce," in ji ta.

Ña Perla ta karɓa. Zobbanta suka yi ƙara a jikin ƙahon. Ta kai bututun baki kamar mai shan maganin tsutsa, ta zuƙa, ta haɗiye. Sai da ta kai shi ƙarshe, don rabi ma magana ce.

Da ta gama, fuskarta ta yi ja, kuma ta ji dole ta faɗi wani abu babba da zai rufe kunyar. Ta rungumo wuyan Zunilda.

"'Yata ke nan. Ita za ta ɗauki lambar bana, ku rubuta ku ajiye."

Ña Hermelinda ta ce, "Af! Ni kuwa na ji a kasuwa wai ɓangaren dare za ki mai da ita, don ta riƙa kai fo."

"Wa ya faɗa? Wace maƙaryaciya ce?"

"Mutane dai. Na ce musu Perlar da na sani ba za ta yi haka ba."

"Har abada! Yarinyar da na raina da hannuna?"

"To madalla. Fada, ka ji ko? Gobe sai ka sanar a coci, a yi wa gidan nan addu'a. Mu ma ƙungiya sai mu fara shirin ɗakinta a Asunción."

Fada Crispín ya sanar. Ya ma ƙara gishiri, ya kira Ña Perla abin koyi ga iyaye mata. Ta zauna a layin gaba tana share ido da hankici, tana kallon bagade kamar za ta cije shi.

Ranar Litinin Zunilda ta zo da safe, kafin a buga ƙararrawa. A bayan babur ɗin Derlis, don yanzu gari na kallo.

Kada wani ya zaci an sassauta mata. Aikin da take yi da safe aka mai da shi asuba, na rana aka tara mata shi zuwa yamma. Ña Perla ta daina yi mata magana sai ta bakin Derlis. Ta kuma tafasa bututun azurfar a tukunya, Derlis da kansa ya ba da labari a aji yana dariya. Zunilda ta ƙara ramewa, idanunta suka faɗa. Amma in ƙaho ya biyo ta bencin ƙarshe, yanzu takan riƙe shi ta sha, kuma kullum sai ta sa shi ya yi ƙara. Yara suka koma kiranta Ƙwarrr.

Ta ci jarrabawar da tazarar da ba ta bar wurin gardama ba. Derlis ma ya haye da ƙyar, ya ce shi ne ɗalibi na farko a tarihi da ya ci jarrabawa saboda zama kusa da mai ilimi a babur.

Ranar biki aka kira uwar ɗalibar da ta yi fice ta hau dandamali ta rataya mata lamba. Ña Perla ta hau, cikin sabuwar riga mai ƙyalli. Ta yi kuka sosai, kuka mai kyau, wanda bai ɓata kwalliya ba. Aka yi ta tafi. Mai hoto ya ɗauka, hoton na nan a kantin har yau, sama da maganin ciwon kai.

Uwar da ta haifi Zunilda tana can baya, kusa da masu sayar da lemo. Ña Secundina sunanta. Ta taso daga ƙauye tun duhu a motar kaya, takalminta a hannu don kada ya yi ƙura, tana riƙe da wata 'yar yarinya mai kitso biyu. Da aka tashi ta ratsa jama'a, ta kama hannun Ña Perla mai zobba ta sumbata.

"Allah ya biya ki, uwar ɗakina. Kin cika alkawari. Duk ƙauyenmu maganarki ake."

"Haba, ai 'yata ce." Ña Perla ta sunkuya ta kama haɓar 'yar yarinyar, ta juya fuskarta hagu da dama. "Wannan fa? Ta girma."

"Fermina ce. Ƙanwarta. Tana da ƙoƙari ita ma, ga ta da zafin nama."

Zunilda na tsaye da lamba a wuya. Ta ce, "Mama, a'a."

"Ke yi shiru. Ke kin samu, ita kada ta samu?"

A watan Fabrairu na raka Zunilda tasha. Jaka ɗaya gare ta. Da yaron mota ya jefa ta sama, wani abu ya yi ƙara a ciki.

"Mene ne wannan?"

"Gwangwanina. Na cire shi daga ƙusa da zan fito." Ta gyara igiyar takalminta. "Ba don ina so ba. Don kada a same shi a wurin."

Motar ta tashi. Ba ta ɗaga mini hannu ba, tana neman wurin zama.

Mako na gaba aka koma makaranta. An yi wa Don Ciriaco sabuwar hula. Don Eladio ya gaya mini cikin fara'a cewa bana mata uku daga kwamiti sun je ƙauye sun ɗauko 'ya'yan riƙo, kowace na son ta ga ranar da za ta hau dandamali. Ya ce in ga irin alherin da abu ɗaya ke haifarwa.

A hanyar gida na biya ta kantin maganin.

"Malama! Shigo ki ga sabuwar 'yata. Fermina! Kawo wa Malama terere!"

Yarinyar ta fito rungume da fulas da ya kusa kai tsawon ƙirjinta. Ta zuba wa Ña Perla, ta zuba mini, ta zuba wa Don Amancio. An riga an koya mata. Zagaye ya dawo kanta, ta tsallake. Daga ɗakin baya tsohuwar na kira, "Ke yarinya! Ke yarinya!"

Na leƙa bakin kicin. Ƙusar tana nan, an ma sauko da ita ƙasa kaɗan don hannun yarinyar ya kai. An rataya sabon kofi na roba, ruwan hoda, mai hoton fure.

"Ni na saya mata da kaina," in ji Ña Perla. "Ba na son ta ji kamar baƙuwa."

Babu dokar da ta hana sayen kofi. Babu wanda ya daki kowa. Yarinyar tana da takalmi, tana cin abin da suke ci, kuma an sa ta a makaranta, na bincika. Tana aji uku na firamare. Da sauran shekaru kafin ta iso ajina, in ta iso.